Digiri 83: Ni da Katin Girafik Ɗina a Bazarar Kano

Umma ce ta fara lura, ba ni ba. Ina ɗaki da rana tsaka, kwanaki kaɗan bayan ƙaramar sallar 2024, hedifon a kunne, ina kan doki a cikin wasan kwamfuta na Red Dead Redemption 2, sai ta ɗaga labule ta ce, "Wai injin markaɗe ka saya ba mu sani ba?" Da na zare hedifon ɗin sai na ji abin da take ji. Fankoki biyu na katin girafik ɗina, wato sashen kwamfuta mai zana hoton da ke fitowa a allo, suna ta kuwwa kamar za su ɓalle daga akwatin kwamfutar. Dama hoton ya kwana biyu yana yi mini tsalle-tsalle, musamman in na shiga birnin Saint Denis inda mutane da karusai suka cika titi, amma na yi ta ɗora wa wasan laifi.

Katin GTX 1660 Super ne, mai memori gigabait 6. Nvidia ta fitar da shi a watan Oktoban 2019, kati ne na tsaka-tsaki, irin namu na masu auna aljihu kafin su auna sha'awa. Na hannu na saya a ƙarshen 2022. A ranar 15 ga Satumban shekarar ne Ethereum, ɗaya daga cikin kuɗaɗen intanet da ake kira kirifto, ta daina dogara da haƙa, wato samar da sabbin kuɗi, da katunan girafik, masu haƙar kirifto suka wayi gari da tulin katunan da ba su da abin yi da su, suka zubo su kasuwa, wasu suka gangaro har wajenmu. Wanda ya sayar mini ya rantse cewa nawa bai taɓa haƙa ba. Na ce to, Allah ya sa. Shekara ɗaya da rabi dai bai taɓa ba ni kunya ba.

Abin da na fara yi shi ne abin da ya kamata ya zo a ƙarshe. Na ga hoto yana jan ƙafa, sai na ce gudu zan ƙara masa. Obakulok ke nan a bakin 'yan harka, wato ka sa cif ɗin kati, wanda shi ne ƙwaƙwalwarsa, da memorinsa su yi gudu fiye da yadda aka saita su daga kamfani. Na sauke MSI Afterburner, manhaja ce ta kyauta kuma ba ta zaɓar katin wane kamfani ne. Na samu wani Bature a YouTube mai irin katina, na kwafe lambobinsa kamar ɗalibi a ɗakin jarrabawa: ƙarin megahaz 150 a kan cif, ƙarin 1000 a kan memori. Ba a yi minti goma ba allon ya yi baƙi, ya dawo, wasan ya rufe kansa. Daga baya na gane Windows ce: idan kati ya yi daƙiƙa biyu bai amsa mata ba, sai ta kashe direbansa, wato manhajar da ke sarrafa shi, ta sake tayarwa. Na sake gwadawa. Wannan karon wasu ɗige-ɗige kore suka bazu a sararin samaniyar wasan kamar an watsa gero, sannan ya sake mutuwa.

Da yamma na kira wani abokina da ke gyaran kwamfuta da waya a kasuwar Farm Centre. Ya saurare ni har na gama, sannan ya ce, "Injiniya, jakinka na zazzaɓi, kai kuma ka ƙara masa buhu biyu ka ɗauko bulala. Zafinsa nawa?" Na ce ban duba ba. Dariyar da ya yi har yanzu tana kunnena. Ya ce in mayar da komai yadda yake, in sa wata ƙaramar manhaja GPU-Z, in buɗe wasa, in duba layin da aka rubuta PerfCap Reason. Layin nan shi ke faɗa maka dalilin da ya sa kati ya ƙi ƙara gudu a daidai wannan lokaci.

Na duba. Zafi digiri 83, wani lokaci 84, layin kuma ya rubuta Thrm, ma'ana zafi ne ya taka masa birki. Gudun cif ɗin yana yawo tsakanin megahaz 1740 da 1755.

A nan ne na fahimci abin da da na sani tun farko da ban wahalar da kaina ba. Katunan Nvidia na wannan zamani da kansu suke ƙara wa kansu gudu. A takarda an rubuta 1785, amma in kati ya samu sanyi da isasshiyar wuta yakan haura 1900 ba tare da ka taɓa komai ba. Yana ɗumama yana sauka, taki-taki, megahaz 15 a kowane taki. In ya kai 83 kuwa, wadda ita ce iyakar da aka sa masa, sai ya fara zubar da gudu da gaske don ya tsira da ransa. Ashe katina ba ƙarin gudu yake nema ba. Gudun da yake da shi ma zafi ya ƙwace.

Na ɗauko ma'aunin zafin da ƙanina ya saya lokacin da ya gwada kiwon 'yan tsaki, na rataya a jikin tebur. Ƙarfe uku na rana ya nuna 38. Na koma bidiyon Baturen nan, na ga katinsa yana 67, ya kuma ambaci cewa ɗakinsa 21 ne. Lissafin ba wuya. Ƙarfen sanyaya da fanka ba ƙanƙara suke yi ba, iskar ɗaki suke ɗauka su hura wa cif, don haka cif ɗin kullum yana saman zafin ɗaki da wata tazara. Tazararsa 46 ce. Ɗora 46 a kan 38, ka ga 84. Wato ko katinsa mai tsabta aka ɗauko aka dasa a ɗakina a watan Afrilu, a bakin iyaka zai tsaya. Lambobin da na kwafa na ƙasar da ake kunna hita ne.

Ranar Asabar na cire katin na naɗe a tawul na kai shagon abokina. Da ya haska tsakanin siraran faifan ƙarfen da fitilar waya, haske bai fita ta ɗaya gefen ba. Ƙurar hunturu biyu ta haɗu da zaren kafet ta zama kamar bargo. Ya jona bulowa ya ce, "Danne fankokin da yatsa, kar ka bari su juya." In iska mai ƙarfi ta juya fanka fiye da kima, ƙwallayen cikinta ne ke lalacewa, daga nan sai ka ji ta fara gurnani. Da ya hura, jar ƙura ta tashi har maƙwabcinsa mai sayar da caja ya fito yana tari yana tambaya ko fasa gini ake.

Sauran aikin na ce ni zan yi da hannuna a gida. Ya ɗan dube ni, ya zuba mini ruwan wanke fanel a wata 'yar kwalba, isofurofil ke nan, ya ce in ɗauki hoton kowane mataki kafin in kwance.

Sukurori huɗu ne masu sifirin a bayan katin, kewaye da cif. Ana sassauta su ne kaɗan-kaɗan a gicciye, wannan kusurwa sannan wadda ke fuskantarta, don kada nauyi ya taru a gefe guda. Cif ɗin katin girafik tsirara yake, ba shi da murfin ƙarfe irin na furosesa, in ka ɓantare masa kusurwa shi ke nan ka yi asara. Na ɗan murɗa ƙarfen hagu da dama har ya saki, na lallaɓa na zare wayar fanka. Man sanyayan da ke kan cif ɗin, wanda ke kai zafinsa ga ƙarfe, ya bushe ya zama ƙanzo, har da tsage-tsage, ina taɓa shi da farce yana ɓarewa. Na jiƙa auduga na yi ta gogewa a hankali har fuskar cif ɗin ta fito tana ƙyalli kamar madubi, na ga rubutun TU116 a kanta.

A nan na yi ɓarnar da ta fi kowace tsada. Kewaye da cif akwai ƙwayoyin memori guda shida, a kansu an ɗora wasu 'yan fallaye masu laushi kamar cingam, su ne ke kai zafinsu ga ƙarfe. Wajen ɗagawa biyu sun yage. Na fita na samo sababbi, masu kaurin milimita 1.5, a raina ina cewa mai kauri ai ya fi inganci. Na yanka na jera, na shafa sabon man sanyaya, Arctic MX-4, a kan cif, na ɗaure, na mayar, na kunna cike da alfahari. Daga kunnawa ma, ban buɗe komai ba, zafi 55. Ina buɗe Unigine Heaven, manhajar gwada ƙarfin kati, cikin ƙasa da minti ɗaya ya haura 90, fankokin suka koma kuwwar da ta fi ta da. Na kashe da sauri, gabana na faɗuwa.

Da na sake kwancewa sai amsar ta fito ƙarara. Man da na shafa yana nan yadda na shafa shi, sai wani ɗan gefe ne kawai ya taɓa ƙarfen. Fallayen nan masu kauri sun tokare, sun ɗage ƙarfen daga kan cif. Na ɗauko guntun tsohon da bai yage ba na gwada kusa da sabon, tsohon milimita 1 ne. Rabin milimita, kusan kaurin farce kawai. Masu kauri ɗaya kuma ban samu a kusa ba, sai daga Legas aka sako mini a mota. Kwana tara kwamfutar tana zaune ba kati. Ƙanina, wanda kullum bayan isha'i yake zuwa mu buga eFootball, ya riƙa leƙowa yana cewa, "Yaya, wai gyaran ne har yanzu? Da ka bar ta da ihunta ai da muna bugawa." Ban da amsar ba shi.

Karo na biyu na yi a natse. Na shimfiɗa man da tsohon katin waya har ya rufe fuskar cif ɗin kaf, tunda duk inda ya rage ba mai a kan cif tsirara nan ne zai riƙa ƙuna. Man irin wannan wutar lantarki ba ta bi ta cikinsa, don haka in ya ɗan malalo gefe ba matsala. Na ɗaure, na sake kwancewa don in ga shatin, na ga ya bazu ko'ina daidai, na goge na sake shafawa na rufe. Ɓarnar mai ce, amma na kwana da kwanciyar hankali. Minti talatin a Heaven, ɗaki na 37, kati ya tsaya a 74, gudu 1890. Ban taɓa ko lamba ɗaya a Afterburner ba, na dawo da megahaz kusan 150, daidai abin da na so in ƙwata da ƙarfi a ranar farko.

Akwatin ma na duba shi. Fanka ɗaya ce tal a baya tana fitar da iska, ba mai shigo da ita, kuma a ƙasa yake kan kafet, a lungu tsakanin tebur da bango. Na ɗora shi kan benci, na sa fankoki biyu masu milimita 120 a gaba suna shigo da iska ta cikin raga. In iskar da ke shiga ta fi mai fita yawa, sauran takan fita ta ramukan akwatin maimakon ta zuƙo ƙura ta cikinsu. Wannan ya ƙara sauke digiri uku. Na gwada dabarar da kowa ke yi, ta cire murfin gefe a saita fankar tsaye a ciki. Tana aiki, har ta fi. Amma wanda ya ga abin da bulowa ta fitar daga katin nan ba zai bar shi a buɗe a garin nan ba.

Sai yanzu aka zo obakulok na gaskiya, kuma aiki ne mai gundura. Na samu littafi na ja layuka. Red Dead yana da gwajin kansa a cikin saituna, yakan zagaya da kai wurare ya ba ka matsakaicin adadin hotuna a daƙiƙa. A 1080p da saitunana, kafin gyara 51 nake samu. Bayan wanki da fankoki, 56. Wannan ne ma'aunina.

Layin PerfCap yanzu ya koma Pwr, wato wuta ce ta zama iyaka. Katin wat 125 aka yanka masa. Wasu katunan sukan bari ka ɗaga wannan iyaka kaɗan, nawa kuwa madannin a kulle yake a kashi 100, ko motsi ba ya yi. Na haƙura na fara da cif: ƙarin 15, gwaji, rubutu, ƙarin 15, gwaji, rubutu. Heaven ya haƙura da ni har 135. Red Dead kuwa a 120 ya rufe bayan minti arba'in, ina tsakiyar farauta. Abin da na koya shi ne manhajar gwaji takan yi maka kara, wasan da kake bugawa kullum shi ne alƙali. Na sauka 105, na yi kwana uku ina bugawa lafiya.

Memori ya fi ba ni mamaki. Afterburner na nuna shi a 7000, wanda ke nufin gigabit 14 a daƙiƙa, jimilla gigabait 336 a daƙiƙa a kan hanyarsa mai faɗin bit 192. Na riƙa ƙara 200. A 400 maki ya ƙaru, a 600 ya ƙaru, a 800 ya ƙaru. A 1000 ya tsaya cak. A 1100 sai ya ragu, alhali hoto tas, ba ɗigo ko ɗaya. Na ɗauka kuskure ne na maimaita sau uku. Dalilin shi ne memori irin GDDR6 yana duba saƙon da ya wuce tsakaninsa da cif, in ya ga kuskure sai a sake aikowa. Kai ba ka ga ɓarna a allo ba, amma kati yana ta maimaita aiki kamar ɗan aiken da ya manta saƙo a hanya. Wanda ke jiran sai ya ga ɗige-ɗige kafin ya tsaya zai wuce wurin da ya dace da nisa, yana murna da babbar lamba. Na tsaya a 800, kusan gigabait 374 ke nan. Katina kuma ba ya nuna zafin memori, don haka ban ga dalilin matsa wa abin da ba na iya gani ba.

Wata rana cikin gwajin nan kwamfutar ta mutu ɗif, ba baƙin allo ba, mutuwa gaba ɗaya. Na zauna na rage lambobi, na ɓata awa biyu ina zargin memori. Ashe wuta aka ɗauke, inbata ta karɓa, ɗan giftawar da ke tsakani ce fawa saflai ɗina mara suna, wato na'urar da ke raba wa sassan kwamfuta wuta, ya kasa jurewa yayin da kati ke jan wuta iya ƙarfinsa. Tun daga ranar, duk abin da ya faru sai na rubuta a gefe ko a wutar gari nake, ko inbata, ko janareta. Fawa saflai ɗin ma daga baya na canja shi, abin da ya kamata in yi tun ranar da na sayi katin.

Da cif a ƙarin 105 da memori a 800, gwaji ya ba ni 60. Allona ma hotuna 60 yake iya nunawa a daƙiƙa, don haka na isa inda nake so. Sai dai zafi ya koma 75 zuwa 76, kati na manne da wat 125, gudun yana rawa tsakanin 1950 da 1980, ga Mayu na tafe.

Abokina ne ya ce in gwada akasin abin, in rage masa wuta. A Afterburner in ka danna Ctrl da F sai wani zane ya buɗe, ɗige-ɗige a jere suna hawa kamar tsani, kowane ɗigo yana cewa a wannan boltej ga gudun da za a yi. Katina da kansa yakan haura bolt ɗaya. Na kama ɗigon milibolt 900 na ɗaga shi zuwa 1905, na kwantar da duk waɗanda ke damansa suka zama layi ɗaya miƙaƙƙe. Ma'anar ita ce kada ya wuce milibolt 900 komai daɗi. Sai da na yi sau huɗu kafin zanen ya zauna, don ina danna amincewa sai wasu ɗigogin su yi tsalle su koma inda suka ga dama. Na gwada 875 ma, ya faɗi cikin minti biyar.

A 900 kuwa abin ya ba ni sha'awa. Gudu ya tsaya a 1905 kamar an kafa ƙusa, ba hawa ba sauka. Wuta ta sauko ƙasa da wat 100. Zafi 66 a ɗaki mai 37, fankoki a kashi 60, ana iya hira a kusa da su. Gwaji ya ba ni 59. Hoto ɗaya tal na rasa, wanda ko an ɗaure ni ba zan iya gane shi da ido ba, na samu ragin digiri goma da wat kusan talatin, batirin inbata kuma ya ƙara kai ni ɗan nisa da dare. Ban san me ya sa masu bidiyo ba su fi ba wannan muhimmanci ba. Wataƙila don rage lamba ba ya jan 'yan kallo kamar ƙara ta.

Afterburner na da gurabe biyar na ajiye saiti. Na ɗaya na sa wannan na ragin wuta, shi na yi amfani da shi har damina ta wuce. Na biyu na ajiye mai ƙarin 105, na ce sai hunturu. Ragar gaba kuma duk ranar Juma'a nake cire ta in kakkaɓe.

Wata safiya a Disamba, hazo ya rufe gari, ma'aunin 'yan tsaki ya nuna 19 a ɗaki, ina sanye da rigar sanyi. Na danna na biyu. Kati ya tsaya a 57, gudu ya taɓa 1995, lambar da ban taɓa gani ba. Sai zuciya ta ce tunda ga sanyi, me zai hana 120 ɗin nan da ya ƙi a bazara? Na ƙara. Na hau doki, na fita daga Saint Denis, na nufi daji. Minti arba'in da 'yan kai allon ya yi baƙi, ya dawo, wasan ya rufe. Ƙanina da ke zaune bakin gado da kofin shayi ya ce, "Yaya, mayar da shi 105 ɗin mu buga ƙwallo." Na mayar, na miƙa masa fad ɗaya.